Battar da Aka Wanke

Shekarun baya, da ƙishirwa ta fara damuna ina yawan zagayawa, na je asibiti a nan Maradi. Wani matashin likita, wanda na tabbata na girmi ubansa, ya ce ciwon sukari ne. Ya tambaye ni ko ina cin taba ko shan ta, na ce ban taɓa sa ta a baki ba. Ya tambayi abin da ya kashe mahaifina, na ce ciwon gidanmu. Sai ya ajiye alƙalami ya ce in kwatanta masa.

Na kwatanta. Mutum yana da jiki, ƙato, sai ƙishirwa ta kama shi. Can sai ciwo ya zauna masa a saman ciki ya huda har gadon baya, ba ya samun sauƙi sai ya duƙa ya rungume gwiwa. Idanu su yi rawaya, jiki ya yi ta ƙaiƙayi, abinci ya fita ransa, ya rame kamar ana zare shi. Daga kaka zuwa bazara an gama. Haka ya ɗauki kakana, da ubana, da baffana, da wana.

Likitan ya ce ba zai rantse ba, tunda ba wanda ya duba su. Amma ya ce akwai wani nama mai tsawo kwance a bayan tumbi, shi ke daidaita sukarin jini yana taimakon narkewar abinci, kuma in ciwon daji ya kama shi, kamanninsa ke nan. Ya ce ba abu guda ke kawo shi ba, akwai dai abubuwan da ke share masa hanya: taba a gaba da kome, sai ciwon sukari, da ƙiba, da yawan giya, da tsufa, da kuma gado in ya bi jinin gida. Na zauna ina jinsa kamar yana lissafa kayan da ke cikin ɗakinmu na Jiratawa. Ban ba shi labarin batta ba, mutane na jira a waje. Shi ne nake so in rubuta a nan.

Gidanmu gidan taba ne. In ruwan gulbi ya janye bayan damina, mukan dasa ta a fadamar Jiratawa, a yi ta ban ruwa da ƙwarya daga ƙananan rijiyoyi. Furen, mata ke saye su goge haƙora. Ganyen kuwa a yanke, a shanya a inuwa, a tara a lulluɓe ya yi zufa, sannan a daka da kanwa. Noman kowa ya iya. Abin da ke sa fatake su tsallake gidaje su zo namu shi ne haɗin kanwar. In ta yi yawa ta ƙone leɓe, in ta yi kaɗan tabar ta yi lami, kuma ba mudu ke auna wannan ba, baki ne. Kowane turmi aka sauke, sai mutum guda ya afa kaɗan, ya riƙe a leɓe, ya lumshe ido, ya ce a ƙara ko a bari. Ana ce masa mai ɗanɗano. Shi ke riƙe da battar gida, wata 'yar battar fata da ta yi baƙi don tsufa, wadda ake ajiye haɗin da ya fi kowane kyau a ciki don a riƙa gwada saura da shi. Wanda ke riƙe da batta shi ne mai gida. Tun asuba har faɗuwar rana bakinsa ba ya rabuwa da taba, da maraice kuma ya kunna lofe.

Mu biyu ne 'ya'yan Baba da suka tsaya, ni da Yayana, ya ba ni shekara biyu. Inna ta rasu ban san fuskarta ba. Ina da kamar shekara bakwai gardi, wato dogarin Nasara, ya zo garinmu da takardar kumandan mai mulkin ƙasar, ana son yara a lakwal. A lokacin ba mai ba da ɗansa ga makarantar Nasara da son rai, sai dai maigari ya nuna gida. Ya nuna namu. Yaya suka zo ɗauka, don shi ne ya fi tsawo. Ina tsaye bayan turmi na ji Baba yana roƙon gardin, yana cewa babban shi ne zai gaji batta, ya riga ya fara koya masa, a ɗauki ƙaramin. Ko waiwayowa bai yi ya dube ni ba. Na yi shekara da shekaru ina jin wannan magana a kunnena, kuma ba zan ɓoye ba, na ƙi Baba saboda ita, na ƙi Yaya, har battar na ƙi, alhali ba abin da nake so a duniya kamar a miƙo mini ita.

A Maradi aka ajiye ni gidan wani mutum da ban sani ba, ina cin tuwo ni kaɗai a bakin zaure. Malaminmu na lakwal, wanda ake ce wa Mushe da Faransanci, yana da wata al'ada, kowace safiya sai mun jeru mun buɗe baki. Wanda aka ga alamar taba ko goro a haƙoransa, ranar ya sha bulala. Ni ɗan masu taba ne, don haka bakina ya fi leƙawa. Haka na girma da farin haƙori kamar ɗan maraƙi. In an ba da hutu na taka zuwa Jiratawa, sai a shimfiɗa mini tabarma kamar baƙo. In na matso kusa da turmi, Baba ya ce in ja baya kada in ɓata rigar lakwal. Yaya kuwa yana zaune damansa, leɓe a cike, yana mini murmushi. Mushe yake kirana tun ban iya rubuta sunana ba.

Ina aji na huɗu ciwon ya kama Baba. Mutum ne mai tumbi, in ya zauna sai ya cika ƙofar zaure, mutane na cewa arziki ne ya zauna masa. Na zo hutu na tarar da shi a duƙe, idanu kamar an zuba musu gangamau. Aka ce shawara ce, aka yi ta dafa masa saiwoyi. Bai ga damina ba. Baffa, ƙanensa, ya karɓi batta tunda Yaya bai isa ba, ya riƙe ta shekara shida ko bakwai, shi ma ya duƙa irin duƙawar nan. Daga nan mutanen gari suka fara cewa ciwon gidan masu taba, suna sassauta murya in mun wuce.

Muna da gwaggo a Tsibiri, 'yar'uwar su Baba, wadda ta auri manomin gero da bai bar addinin kakanni ba. Ita tana da nata bayani. Ta ce tun da kakanmu ya kama salla ya daina yanka wa iskar gida baƙin bunsuru, ita ce take karɓar hakkinta a cikin maza. Malaman Jiratawa suka ce sammu ne na abokan kasuwa. Ba wanda ya dubi turmi. Ta ina za a dube shi? Shi ke ciyar da mu, kuma kowa ya san kanwa maganin ciki ce.

Da na gama lakwal na samu aikin komi, wato akawu, a filin awon gyaɗa, na kama ɗaki a Sabon Gari. Abokan aikina 'yan kudu ne, suna da harshensu da hirarsu. 'Yan gari kuwa suna ganina yaron Nasara, in na zo majalisa a canza magana. Ɗakina tabarma ce da akwati da fitila da keke. Ran Lahadi kaɗai nake jin ni mutum ne mai dangi, in hau keken in bi gefen gulbi zuwa Jiratawa.

Lokacin Yaya ya zama mai batta, ya yi aure, yana da 'yan mata biyu ƙanana. Ya yi jiki irin na Baba, ga dariya, ana jin ta tun daga bakin gari. In na iso sai ya ce a kawo wa Mushe kujera kada ƙasa ta taɓa wandonsa. Matarsa kuma, da yake akwai wasa tsakaninmu, ta ce ga mijinta na birni ya zo da ƙafafu kamar na zalɓe. Ina jin daɗin wannan tsokana fiye da yadda nake nunawa. Amma fa ina zuwa da girman kaina. Nakan ratayo dunƙulen sukari daga kanti, da kwalin sigari irin na Nasara, in ajiye gabansa don ya san ni ma na zama wani abu. Sigarin sai ya shinshina ya ce wannan ai ciyawa ce aka naɗe a takarda, amma kafin Lahadi ta zagayo ya shanye. Sukarin kuwa a fura yake farfasawa, ƙwarya guda shi kaɗai. Da likitan nan yake mini lissafinsa, hannuna na gani a ciki, ɗauke da tsaraba.

Sau biyu na roƙe shi ya koya mini ɗanɗano. Na farko ya mayar da abin wasa, ya ce haƙoran Mushe ba na taba ba ne. Na biyu ya dubi ƙasa, ya tambaye ni labarin wata motar kaya da aka ce ta kafe a yashi. Na yi fushi na ƙi zuwa Lahadi uku. Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma fushina na tafiya ne, ba na tsayawa a yi ta. Kowa ya san ni da haka.

Matar Yaya ce ta fara jan hankalina, wata shekara da kaka. Ta ja ni bayan rumbu ta nuna mini inda yake tsugunawa, kiyashi ya yi baƙi a wurin. Ta ce tulu guda ba ya isarsa a yini. Na ce zafi ne. Na san ba zafi ba ne, na ga irin wannan kiyashin a zamanin Baba. Kafin a gama dashen taba rigunansa sun fara yi masa yawa. Wata Lahadi na same shi a zaure ya rungume gwiwa, ya ɗago ya dube ni, na ga idon. Wallahi sai na zauna a ƙasa da wandon nawa.

Na yi abin da ɗan lakwal zai yi. Na samo amalanke na kawo shi asibitin Maradi. Aka yi masa allura, aka ba shi maganin shawara. Likitan Nasara ya danna cikinsa ya daɗe yana dannawa, sannan ya gaya mini da Faransanci in mayar da shi gida cikin iyalinsa. Yaya ya tambaye ni me ya ce, na ce ya ce a ci gaba da magani. Ya dube ni ya yi dariya kaɗan. Gwaggo ma ta zo daga Tsibiri da baƙin bunsurunta a ɗaure, ta yi abin da za ta yi a bayan gari, mutane suka yi ta surutu. Malamai suka yi rubutu ya sha. Abin da kaɗai ke kwantar masa da ciwon na ɗan lokaci shi ne tabar da aka cika wa kanwa, don haka muka yi ta ba shi. Ni da hannuna na riƙe masa battar yana ɗiba.

A watannin nan na gane cewa in ya tafi ba ni da kowa. Ba sauran wanda ya san ni tun ina tsirara, ba mai ce mini Mushe don tsokana. Kuma na sa a raina cewa ko yanzu dai dole a ba ni batta, tunda ba wani namiji a gidan. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma gaskiya ce, ina kukan rashinsa ina kuma jiran gadonsa.

Lahadin ƙarshe na iso da hantsi. Turmi uku na tsakar gida an daka an rufe da faifai, gobe kasuwar Maradi. Matar Yaya ta gaya mini cewa bakinsa ya mutu, kome ɗaci yake ji, har fatake sun dawo da kayan makon jiya sun ce yana ƙona leɓe. A tarihin gidanmu ba a taɓa dawo da kaya ba. An fito da shi inuwar rumbu, ya jingina da bango, fata da ƙashi, battar na kan cinyarsa.

Na durƙusa gabansa na ce, “Yaya, ba ni battar. Kai ka faɗa mini abin da zan ji, ni in ɗanɗana.”

Ya girgiza kai.

Na ce masa ni ma ɗan gidan nan ne, uba ɗaya ya haife mu. Na ce an jefa ni ga Nasara ina yaro ban ce kome ba, an mayar da ni baƙo a gidan ubana ban ce kome ba. Na faɗi maganganu da yawa, muryata na tashi, 'yan matan suka ruga ɗaka. Sai na miƙe na buɗe faifan turmin da ke kusa, na tsoma yatsu. Mutumin da sai an ɗaga shi yake zama, ban san yadda ya yi ba, sai na ji ya cafke mini wuyan hannu. Ya karkaɗe tabar ta zube ƙasa.

“Ba kai ba,” in ji shi. “Kai ba ka san kome ba a nan. Tahi ka auna wa Nasara gyaɗarshi.”

A gaban matarsa ya faɗa, da maƙwabta biyu da suka leƙo ta katanga. Na fizge hannuna, na ɗauki keke, ko sallama ban yi ba. Tun daga Jiratawa har Maradi ina zaginsa a zuci. Na rantse ba zan koma ba sai ya aiko. Litinin na je aiki, Talata na je aiki, ina dawowa ɗaki in zauna in zura wa ƙofa ido. Ran Laraba da azahar ina kan sikeli wani mai jaki daga garinmu ya tsaya nesa ya cire hula. Ko da na isa an riga an dawo daga maƙabarta.

Na zauna zaman makoki a zaure kamar kowane baƙo. Mutane na yi mini gaisuwa ina amsawa, amma abin da ke cikina bai gama zama baƙin ciki ba, da sauran fushi a ciki. Ranar sadakar uku, da jama'a ta ragu, matar Yaya ta aiko a kira ni. Tana zaune a ƙofar ɗaki cikin takaba, ba wasa yau. Ta turo mini wani ƙullin tsumma. Na kwance, battar ce. Na buɗe, ba kome a ciki. An wanke ta da toka, fatar ta yi fari-fari ta motse, ko warin taba babu. Ba a wanke battar fata, ruwa lalata ta yake yi, yaro ma ya san wannan. Na ce mata wane ne ya yi wannan ɓarna.

Ta ce shi ya sa ta, ran Litinin, kuma sai da ya shinshina ya sa ta sake wankewa. Ta ce tun rasuwar Baffa yake wani lissafi da yatsu. Kaka, Baba, Baffa, duk masu batta. Gwaggo kuwa, jininsu ɗaya, ga ta nan tana cin tuwo har yau, haka wani ɗan baffan su Baba da ya bar gida tun yana yaro ya kama dukanci. Ya gaya mata cewa shi bai san ko iska ce ko sammu ne ko me ba, amma ko mene ne, ta bakin mai ɗanɗano yake shiga. Na ce to don me shi bai bari ba. Ta ce ta tambaye shi, ya ce shi ya riga ya ci, kuma gida na cin abinci da bakinsa. Ya bar mini saƙo a shuka albasa a fadamar, ko a ba da aronta.

Na ce, “Ya san wannan duka, ya kasa gaya mini? Sai ya wulaƙanta ni gaban mutane?”

Ta gyara lulluɓinta, ba ta dube ni ba. “Na ce mishi ya gaya maka. Ya ce in ya kawo maka dalili za ka yi gardama, ɗan lakwal ne kai, ka kayar da shi, ka afa. In ya ci mutuncinka kuwa za ka yi fushi ka tahi. Ya ce ya san ƙanenshi.”

Sannan ta ƙara da cewa ran Talata ya sa an zaunar da shi yana fuskantar ƙofa tun safe. Duk ƙarar da ya ji a hanya sai ya tambaya ko keke ne. Ta ce za ta aika a kira ni, ya hana, ya ce turamen nan uku ba a kwashe su ba tukuna.

Bayan ta fita takaba ta koma danginta da 'yan matan. Fadamar na ba wani maƙwabci aro ya shuka albasa, gidan kuma damina ta rushe shi a hankali. Ni na yi aure daga baya, na haifi 'ya'ya, sun girma sun watse, uwarsu ta riga ni. Yanzu ina zaune a unguwar Zariya a nan Maradi, na ninka shekarun Yaya har na ɗora. Haƙorana ba su cika ba, amma waɗanda suka rage farare ne. Battar na cikin akwatina. Wani lokaci nakan buɗe ta in kai hanci, ko zan ji ɗan warin gidanmu. Matar Yaya ta iya wanki, ba ta bar kome ba.